Kada Ka Gyara Min Kalmomina

Baban Nafisa,

Duk Masama cewa ake babu wanda ya kai ka sanin kwamfuta, shi ya sa na bi naka. Ka ce in zuba taken aikina gaba ɗaya a rumbun binciken laburare. Mako uku ina zubawa, ko takarda ɗaya ba ta fito ba, har na ce wa malamina ba a taɓa rubutu kan mata masu sana'ar shinkafa ba.

Jiya ma'aikaciyar laburare ta goge taken nan. Kalma uku kawai ta sa da Turanci, mata da shinkafa da Kebbi, da kalmar AND mai haɗa su a tsakaninsu. Takardu arba'in da ɗaya, Baban Nafisa!

Na wuce jami'a a Kalgo da motar farko. Ranar Alhamis malamina zai karɓi babi na biyu, in ba haka ba in maimaita shekara. Kalmomin na nan buɗe a kwamfutarka, don Allah kada ka gyara min su. Kokonka na cikin fulas.

Ni dai na riga na sha kunyata. A gaban 'yan aji, sa'o'in Nafisa, na miƙe na ce, "Malam, a yi haƙuri, ni ce ban iya nema ba."

Hajara