Muryar Babana a Bakin Ɗan Fim

Anti Dervla, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba.

Shekara biyu da suka wuce masu shirya fim suka sauka a ƙauyenmu, nan gaɓar teku a gundumar Mayo. Jarumin Ba'amurke ne, zai fito a manomi. Matar da ke koya masa karin harshenmu ta bi gida-gida tana neman muryar tsofaffi, ni kuwa na ba ta kaset ɗin babana Malachy, wanda ya rasu shekara tara ke nan. Ba komai a ciki sai hirar tumaki da ciwon gwiwarsa.

Watan jiya aka nuna fim ɗin a zauren coci. Anti, abin kunya! Sai jarumin ya fara magana kamar mutumin Cork da ke can kudancin ƙasarmu, ya ƙarasa kamar ɗan Sikotland mai mura. Fintan mai nama ya rantse jakinsa ya fi shi iya maganarmu. Mutane har da hawaye don dariya.

Can aka nuno shi bakin shinge, ya ba mu baya. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce 'yar tsako, kwashe shanya, ruwa na tafe. Muryar babana ce sak, har da ɗan fiton nan na haƙorin da ya rasa. 'Yar tsako kuwa mamata yake kira haka, a cikin gida kawai, kuma babu shi a kaset ɗin, sau huɗu na saurara. Ina juyawa na ga Mama ta miƙe tana laluben jakarta. Muna fita ruwa ya tsuge.

Na rubuta wa mai koyarwar, ta ce ba ta san inda ya samo wannan maganar ba. Yayana Cathal ya ce bai ji komai ba sai shirmen da kowa ya ji, amma shi ya saya wa Mama faifan fim ɗin. Yanzu kullum bayan abincin rana sai ta haɗa shayi kofi biyu, ta jure awa guda na shirmen nan har a zo wurin, ta amsa masa. Shekararta tamanin da ɗaya, hankalinta garau. Jiya ta ce mini Baba ya ƙara wata magana a fim ɗin, wai yana tambayar ina na shiga. Na kasa zama in duba. In ɓoye faifan ne?

Mai Fargaba, Mayo

'Yar'uwata Mai Fargaba,

Ki cire ruwan sama daga lissafi, a Mayo kike, inda kusan kullum sai an yi ruwa. Wanda kuma ya kwana biyu yana sauraron murya ɗaya zai iya dacewa da ita sau guda, komai rashin iyawarsa. Sunan cikin gida ma maƙwabta sukan sani fiye da yadda muke zato, wataƙila wani ne ya faɗa masa. Ban ce wannan ya warware komai ba, ni ma sai da na karanta wasiƙarki sau biyu.

Kada ki ɓoye faifan. Shekara tara ba wanda ya kira ta da wannan suna, ƙwace shi zalunci ne. Amma batun ƙarin maganar ba na sakaci ba ne. Ki kai ta likita cikin makon nan a duba jinta da tunaninta, ba tare da kin tsorata ta ba.

Gobe kuma ki jawo Cathal ku zauna da ita, kofi na biyun ke za ki shanye. In ba ki ji ƙarin komai ba, to kaɗaici ne, maganinsa ku riƙa zuwa kuna cika mata ɗaki da surutu. In kuwa kin ji ya tambaye ki, ki amsa da ladabi, ubanki ne. Sannan ki tashi ki kashe.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Mama lafiya.

Dervla