Lambar da Na Ba Gyang

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Adaku mai shago a Daɗin Kowa ta kawo 'yarta ofis. Uju, shekara tara. Yarinyar ba ta ce uffan ba, takardar likita ce ta yi magana. Sylvester ne ya taɓa ta, direban keke Napep da ke jigilarta makaranta. Shekara goma sha tara ina ɗan sanda, har yau irin wannan sai ya hana ni cin abinci. Na kamo shi kafin yamma. Ɗan banza har da murmushi: "Oga Rwang, ai kamar 'yata take."

Alhamis, 6 ga Yuni
Dattawan ƙungiyar garin su Adaku da Sylvester sun zauna. Akuya ɗaya, kiret biyu na lemo, addu'a, shi ke nan an sasanta, wai kar sunan yarinya ya ɓaci. Uban Uju ya zo ya janye ƙara. Ogana na ofis ya ce in rufe fayil: "Kai ka fi ubanta sonta ne?" Sylvester ya fita yana gyara wuyan riga. Adaku ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Insfekta, gobe ma ta ƙofar shagona zai wuce."

Asabar, 8 ga Yuni
Kwana biyu ina bin Sylvester. Da rana yake fita, daga ƙarfe ɗaya. Jiya yara huɗu ya ɗauka. Na tsane shi, ban taɓa tsanar mutum haka ba.

Talata, 11 ga Yuni
Na je Rikkos wurin Gyang, shugaban 'yan sintiri. Yaransa ba su san Sylvester ba, shi ba zai san su ba. Na gaya masa abin da aka yi wa yarinyar, amma ban faɗi suna ba, don kar gobe a ce daga bakina ya fito. Lambar jikin keken na rubuta masa a tafin hannu, 0417. Gobe ƙarfe biyu, su ɗauke shi shata zuwa tsohon tafkin kuza. Ya ce, "Oga, mu karya ko mu gama?" Na ce ban ji tambayar ba.

Laraba, 12 ga Yuni
An gama. Tuwo malmala uku na ci.

Alhamis, 13 ga Yuni
Da safe na ga Sylvester a bakin titi yana cin ƙosai.

Keke ɗaya, direba biyu. Ɗaya safe, ɗaya rana, duk Litinin su musanya. Kowa a Jos ya san haka ake yi, har ni. Wanda aka tsamo daga tafkin, hannuwa a karye, sunansa Anene. An bar jaki an daki taiki. Na kira Gyang ya ba ni labari, ya ce mutumin ya yi ta rantsuwa bai san wata yarinya ba. "Duk haka suke cewa, oga." Na kashe wayar.

Juma'a, 14 ga Yuni
Oga ya ba ni binciken kisan Anene. Na karɓi fayil ɗin.

Lahadi, 16 ga Yuni
Daga coci na wuce ta'aziyya. Matar Anene, Ifesinachi, ciki ya tsufa, ta riƙe hannuna gam: "Oga, ka nemo min su, don Allah." Na ce zan yi. Sylvester ne ke jera kujeru, ya fi kowa hawaye. Mai keken da suke wa aiki ya bar masa shi safe da rana yanzu. Wato ni na ƙara masa aiki, na ƙara masa yara.

Laraba, 19 ga Yuni
Unguwa ta fara cewa ashe Anene ne ya taɓa yarinyar, in ba haka ba me zai sa a kashe shi? Mata sun daina zuwa wurin Ifesinachi. Ban gyara wa kowa zance ba. A rahoto na rubuta "ana zargi". Adaku ta san gaskiya, ta ga ni a kasuwa ta kau da kai.

Talata, 25 ga Yuni
Na koma Rikkos. Na sake rubuta wa Gyang lambar a tafin hannu. Wannan karon ban faɗi lokaci ba, mutum ɗaya ke tuƙa keken. Gyang ya dubi tafinsa ya ce, "Oga, ba mun gama da wannan lambar ba?" Na ce ai su biyu suka yi wa yarinyar. Ya gyaɗa kai, ya yarda.

Ifesinachi ta kira sau uku, ban ɗauka ba. Abinci ma ya yi daɗi yau. Kuma wa ya sani? Keke ɗaya suke tuƙawa. Wataƙila su biyun ne.