Jinin da Suka Ce Naki Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da 'ya take yi wa uwa, da fatan makwancinki yana da sanyi da yalwa, ina sanar da ke cewa ranar Asabar da ta wuce na karya alkawarin da na riƙe miki kusan shekara talatin. Da gangan nake rubuta wannan a fili. Na san 'yan gidan Baba suna leƙen duk abin da na rubuta, ko da sun daina amsa gaisuwata a hanya. To, su karanta.

Kin fi ni sanin su. Gidan 'yan kasuwa ne a unguwar Jambutu ta Garwa, masu hura hanci da cewa kakansu daga Kano ya zo Garwa da tufafi da goro, sai ka ce shi kaɗai ne ya taɓa yin tafiya a duniya. Ke kuwa 'yar manoman dutse ce daga wajen Mokolo. Gyaɗa kika kawo kasuwa, kika musulunta, Baba ya gan ki ya aure ki. Shekara ashirin da biyar kika yi a gidan, kina sallah tare da su, kina Hausa har kin fi wasunsu, amma a bakinsu ba ki wuce “waccan 'yar dutsen” ba.

Sai aka haifi ƙannena, Sani da Hamidu. Ina tuna yadda damina take shigo mana da tsoro. Da sanyin ruwa ya sauka sai hannuwansu su kumbura, idanu su yi rawaya, su yi ta ihun ƙashi kina gasa musu jiki da tsumma. Sani ya tafi yana da shekara huɗu. Hamidu ya kai bakwai, har ya fara iya rubuta sunansa.

Tun ba a naɗe tabarmar zaman makokin Hamidu ba, Goggo Babba, yayar Baba, ta yanke hukunci. “Jinin dutse ne, mu a gidanmu ba a san wannan ba.” Daga ranar ba a sake miƙa miki jariri ba. In ana suna, ke ce a bakin murhu tun asuba, ke ce tuwo, ke ce wanke-wanke, amma da kin matso kusa da mai jego sai a janye yaron, wai zai sha nono. Tuwonki ba ya cutar da su, hannunki ne yake cutarwa. Baba kuwa, Allah Ya jiƙansa, ya iya ciniki da Larabawa da Yarbawa, amma buɗe baki a gaban yayarsa ya gagare shi.

Ina aji huɗu a lise, wato sakandare, a shekarun da aka zabtare wa malamai albashi, muka samu wani malamin ilimin halittu, mutumin kudu, ba ya jin Hausa ba ya jin Fillanci. A ƙasa yake zuwa, takalmansa duk ƙura. Shi ya zana mana abin a allo. Namiji akwati, mace da'ira. Layi ɗaya tsakaninsu aure ne, layi biyu auren zumunci. Mai ciwo a cike shi da baƙi, wanda ya mutu a ja masa layi a karkace. Da ya zo kan sikila, wadda yake kira da wani dogon suna na Faransanci, ya lissafa alamunta, sai na ji kamar a ɗakinki yake tsaye. Ya ce yaro ba ya kamuwa sai ya karɓa daga uwa ya kuma karɓa daga uba. Ɗaya ba ya isa. Sannan ya ba mu aikin gida, kowa ya zano gidansu har kakanni.

Wurin Goggo na tafi, don ita ce ma'ajiyar asali. Zo ki ga murna. Ta gyara zama, ta fara jero maza, wane ya haifi wane, wane ya je Makka sau kaza. Mata ba sa cikin lissafinta, matattun yara balle. Sai na yi mata dabara, na ce malam yana so ya san wace ce ta fi haihuwa a dangi. Nan take ta ce ita ce, tara ta haifa, biyar suka koma. Na tambayi abin da ya same su. Ta ce wabi ne kawai, da damina suke tafiya, hannu ya kumbura, ido ya yi rawaya, sai kuka. Da bakinta ta faɗa, Inna, tana ɓare goro, ko a jikinta.

Mijinta ɗan baffanta ne. Na ja layi biyu. Iyayen da suka haifi Goggo da Baba ma 'ya'yan wa da ƙane ne. Na ja layi biyu. Kafin in gama, takardar ta zama kamar hanyar jirgin ƙasa, kuma a duk shafin aurenku ne kaɗai mai layi ɗaya. Ciwon da ya kashe nata sunansa wabi, abin tausayi, a kawo mata fura. Ciwon nan dai da ya kashe naki sunansa jinin dutse.

Ba zan yi miki ƙarya ba ko kina kabari. Ke ma kina ɗauke da shi, in ba haka ba da su Sani sun rayu. Rabi naki ne. Amma ɗaya rabin daga Kano ya zo tare da goron, kuma sun yi ta juya shi a tsakaninsu suna kiransa tsarkin asali.

Da gudu na dawo gida ranar. Na same ki a bayan ɗaki kina tsince shinkafa, na shimfiɗa takardar a kan faifai. Ba ki iya karatu ba, amma kin bi yatsana har ƙarshe ba ki katse ni ba. Kika tambaye ni wanne ne Hamidu. Na nuna miki ƙaramin baƙin akwati, kika ɗora babban yatsanki a kai, kika daɗe. Ni ina tsaye ina jiran ki ce mu je zaure mu tara su. Sai kika ninke takardar kika ce, “Ki ɓoye. Goggonki ta binne biyar, ya ishe ta.” Kika sa na yi miki alkawari.

Na ji haushinki, wallahi. Na fi jin sa ranar da kika rasu, da Goggo ta ɗaga murya a cikin mata ta ce Allah Ya jiƙan ki, ai ke ma ba ke kika zaɓi jininki ba. Ta ɗauka ta yi miki alheri. Na cije leɓe har na ji gishiri, na riƙe alkawarinki.

Yanzu ga abin da ya faru. Kin san a ɗakin gwajin jini nake aiki. Jikar Goggo, Zainabu, da jikan Baffa Alhaji, ɗan'uwan Baba, suna son juna, dangi kuwa sai rawar jiki, za a sake jan layi biyu. Yaran sun fi iyayensu hankali, da ƙafarsu suka zo aka gwada su. Dukansu suna ɗauke da shi. Ranar Asabar aka tara mu a gidan Baffa, ya riƙe takardar sakamakon a juye, ya ce ƙarya ce, wai tun da waccan ta mutu aka rabu da wannan ciwo a gidan nan. Ya ƙara da cewa ai 'yarta ce ta yi gwajin, me ake jira. Manya da gemu suna gyaɗa kai. Zainabu tana gefe tana kallon ƙasa, kuma na ga za a ɗaura auren.

Na karɓe takardar, na juya bayanta, na zana musu gidansu kaf. Akwati da da'ira, layi biyu bisa layi biyu. Na cike biyar da baƙi a ƙarƙashin Goggo, na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da biyun da ba a faɗar sunansu saboda alkunya. Na ce waɗannan an binne su tun kafin ki taka Garwa. Na ce duk wanda yake so Zainabu ta koyi gasa ƙashin yaro da damina, ya tashi ya ɗaura auren. Ba wanda ya tashi. 

An fasa auren. Ko mutum ɗaya bai ce a yafe masa abin da aka yi miki ba, ban kuma sa rai ba, ba su da wannan girman. Raina su da na yi yana nan, ban rage ko ƙwaya ba.

Sai dai da zan fita na waiga. Goggo ta tsufa ƙwarai yanzu, ba ta gani sosai. Tana zaune a kan tabarma, leɓɓanta suna motsi, tana lanƙwasa yatsun hannu ɗaya har suka ƙare, ta buɗe ta sake farawa. Shekara sittin tana cewa ƙaddara ce ta bi ta kanta ta wuce, ni kuma na gaya mata a cikin jama'a cewa daga jikinta ciwon ya fito. A nan na gane abin da kika hango tun kina tsince shinkafa. Ke kin san nauyin wannan maganar, don ke kika ɗauke ta, shi ya sa ba ki so a ɗora wa kowa, ko da ita ce.

Ban yi nadama ba, Innata. In aka sake tara mu gobe zan sake zanawa, saboda Zainabu. Amma ke na yi wa alkawari, kuma ke kaɗai nake roƙo ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da Sani da Hamidu cikin ƙoshin lafiya, ba kumburi ba kuka. Allah Ya jiƙan Baba. Biyar ɗin Goggo ma, in kin gan su, ki ɗauke su, a can ba mai hana ki.

Taki har abada,
Asma'u