Linzamin da Ya Goge Sunan Baffa

Unguwar Koki, cikin Birnin Kano,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Ibrahim,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zainab da yara. Allah ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka Malesiya, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, sai dai likita ya hana ta gishiri, kullum muna cikin daru a kan miya. Amarya Nana Hauwa ta fara gyaran jiki, ko zaure ba ta leƙawa. Za ka ga da biro na rubuta wannan, na ɗauki hotonta da waya. Ba lalacewa kwamfutar da ka aiko min ta yi ba, tsoronta nake ji, kuma maganarta ce ta sa na zauna rubuta maka.

Kafin komai, na gode, Allah ya saka da alheri. Shekara tara ina buga wa mutane katin biki da na suna da tsohuwar kwamfutata, ban taɓa ganin fuskar kwamfuta mai haske irin wannan ba. Matsalar ita ce linzaminta, mawus ɗin nan. Nawa na da ka san shi: baƙi, da igiyarsa, da wurin dannawa na dama da na hagu, da 'yar taya a tsakiya. Ko ido a rufe hannuna ya san inda komai yake. Wannan kuwa fari ne sumul kamar sabon sabulu, babu igiya, babu taya, ba ka ganin inda za ka danna. Na saba ɗora yatsu biyu a kan linzami in huta, shi kuma da an shafe shi sai shafin ya zame gefe. In ja ƙasa ya yi sama, in ja sama ya yi ƙasa. In cajinsa ya ƙare sai an kwantar da shi rigingine an soka masa waya a ciki, ni kuma in zauna ina kallonsa. Da farko dariya muke yi ni da Hajiya. Yanzu babu mai dariya a gidan nan.

Abin da ya faru shi ne, katin ɗaurin auren Nana Hauwa ne babban aiki na farko da na yi da ita. Na tsara shi yadda aka saba: sunan marigayi Baba a sama, sai na gidan ango, sannan jerin iyaye masu gayyata, babba kafin ƙarami, dangin uba kafin dangin uwa. Baffa Mustafa na Dukawuya shi ne na farko a jerin, tunda shi kaɗai ya rage a cikin ƙannen Baba maza, kuma shi ne waliyyin da zai ba da auren. Bayansa sai Kawu Haruna, yayan Hajiya. Na zaɓi layin sunan Baffa don in ƙara masa kauri, sai yatsana ya shafi bayan linzamin, shafin ya gudu. Cikin ƙoƙarin dawo da shi na danna wani abu a allon rubutu. Shafin ya dawo, jerin yana nan tsaf, babu giɓi, na ce alhamdulillahi. Ashe layin da na zaɓa ne ya tafi gaba ɗaya, sunayen ƙasa suka matso suka rufe wurin. Haka na kai maɗaba'a, haka aka buga ɗari uku, haka aka raba a masallaci da kasuwa, da sunan Kawu Haruna a kan gaba, babu na Baffa ko'ina.

Kwana huɗu ban sani ba. Gwaggo Mero ce ta shigo da hantsi ranar Alhamis, ko mayafi ba ta cire ba, ta ajiye min katin a cinya ta ce in nemo mata sunan ɗan'uwanta. Yaya, sau uku na karanta, babu sunan Baffa. Ta ce magana ta riga ta zagaya Dukawuya, ana cewa tunda Baba ya rasu dangin uwa sun karɓe gidan, har an cire mai ba da aure daga katin aure. Ta ce a bakin masallaci wani ya miƙa wa Baffa katin yana masa murna, ya duba, ya ninke, ya sa a aljihu, ya wuce. Ka san Baffa. Da faɗa ya yi da hankalina ya fi kwanciya. Hajiya ta kira shi sau biyu, ya amsa gaisuwa, da ta ɗauko zancen sai ya ce ana jiransa. Ɗaurin aure ranar Asabar ɗin nan ne, in bai zo ba ban san wa zai zauna a gaban liman ya ce ya bayar ba, kuma ban san da wane ido dangin ango za su kalli yarinyar nan ba. Ita har yanzu ba mu faɗa mata ba.

Na ce tunda ni na ɓata, ni zan je. Na sake tsara kati ɗaya, na sa sunan Baffa can ƙololuwa, sama da na Baba ma, da manyan baƙaƙe. Na jefa linzamin a jaka don in nuna masa mai laifin. Sai da na sauka daga adaidaita na tuna cewa ba tare da kwamfutar ba, abin ba ya nuna komai. Na same shi a zaure bayan La'asar, na durƙusa na gaishe shi, na yi ta bayani ina shafa bayan linzamin a kan tabarma kamar wata mai duba. Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya tambaya ina bindinsa, don wanda ya taɓa gani a wurina yana da bindi. Na ce wannan ba shi da shi. Ya ce ya yarda da ni, bai taɓa zaton da gangan na yi ba. Har na fara sakin ajiyar zuciya, sai ya tambaye ni mutum nawa suka karanta katin kafin a kai maɗaba'a. Na ce ni da Hajiya da Nana Hauwa, kuma na tura maka hotonsa ka ce ya yi kyau. Ya ce to, wannan abin shi ya goge sunan, amma mutum huɗu suka duba, babu wanda idonsa ya nemi sunan. Ya miƙo min linzamin, ya ce in gaida Hajiya.

Wallahi gaskiya ya faɗa. A hanyar dawowa na yi ta tunani. Shekara huɗu da rasuwar Baba, in ba gaisuwar Sallah ba, ba ma taka Dukawuya. Lokacin da aka yi masa aikin ido, a bakin Gwaggo muka ji. Kai ma, ka yi haƙuri da ni, ban san yaushe rabonka da kiransa ba. Kwanakin nan duk haushin linzamin nake ji, yanzu kunyar kaina nake ji.

Ɗazu da safe Gwaggo Mero ta dawo min da sabon katin da na bar masa. Ya ja layi a kan manyan baƙaƙen nan, ya rubuta da ajami a gefe cewa a mayar da sunan yayansa sama inda yake, a sa nasa a ƙarƙashi, da rubutu daidai da na kowa. Na tambayi Gwaggo ko ya ce zai zo, ta ce bai ce ba, amma wanda ba zai zo ba ba ya gyara kati. Ni dai hankalina bai gama kwanciya ba. Roƙon da nake maka shi ne ka kira shi kafin Juma'a, bayan Azahar ɗinmu, lokacin yana zaure. Kada ka yi masa zancen kati, kada ka yi masa bayanin kwamfuta, na riga na yi ya ishe shi. Ka tambaye shi idonsa, ka bar shi ya yi maka hira ko da za ta yi tsawo.

Ni kuma da na ajiye biron nan zan koma gaban kwamfutar in yi gyaran da ya ce. Na koyi ɗaga yatsana ɗaya sama idan na kama linzamin, kuma kafin in kai maɗaba'a zan je Dukawuya da kaina in karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya tana sa maka albarka. Gwaggo Mero da Kawu Haruna suna gaishe ka, Nana Hauwa ta ce kada ka manta alkawarin turarenta. Ka gaida min Anti Zainab, ka shafa min kan Nura da Sa'ida. Ka sa mu a addu'a ranar Asabar, in ga Baffa ya shigo ya zauna a mazaunin Baba.

Wassalam, ƙanwarka,
Sadiya.