Laifin Ƙwan Ɗan Kwangila Ne, Ba Na Darasinmu Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Manhaja na kwalejinmu, Keffi.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce Asabe, mai kula da ɗakin gwaji na sashen nazarin halittu. Sau biyu na rubuto ta ofis, shiru kamar an shuka dusa, shi ya sa na fito fili. An ce a zamanku mai zuwa za ku soke darasin yadda ɗan tayi ke ƙulluwa ya girma, ku zuba kwamfutoci a ɗakinmu, tunda abin da iyaye ma'aikatan Abuja ke nema wa 'ya'yansu ke nan. Hujjarku ita ce gwajin bana bai nuna komai ba. Haka ne, amma a saurari dalili.

Na ɗaya. Tun da na kama aiki, daga Agwada nake kawo ƙwan gwaji, wurin wata manomiya da kajinta ke kiwo tare da zakaru. Mu sa a injin ƙyanƙyasa, ran kwana uku mu buɗe 'yar kafa a ɓawon, ɗalibi ya leƙa ya ga zuciya, ba ta kai ƙwayar gero ba, tana bugawa. Na sha ganin ƙattin samari sun kasa ɗauke ido daga kanta.

Na biyu. Bana aka hana ma'aikaci sayo kaya da kansa, sai ta hannun ɗan kwangila. Bawan Allah ya sauke mana ƙwan gidan gona kiret-kiret, manya masu kyau, irin na mai shayi. Ƙwan kajin da ba su taɓa ganin zakara ba! Na faɗa, na maimaita, aka ce mini ai ƙwai ƙwai ne. Haba, ranka ya daɗe! Kakata ba ta shiga aji ba, amma ta san ƙwan da ake sa wa kaza ta kwanta. Ran gwaji ɗalibai suka buɗe, gwaiduwa zalla. Suka kwashe da dariya, ni kuwa na shige sito na yi kuka. Sai aka rubuta a rahoto wai darasin ya tsufa. An bar jaki ana dukan taiki.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ƙanwata da ke unguwar Yara a nan Keffi ta haifi ɗa da tsagaggen leɓe, dangin mijinta suka ce gamo ta yi, har aka daina karɓar abinci daga hannunta. Wata nas, tsohuwar ɗalibarmu, ita ta zaunar da su ta bayyana musu yadda leɓe ke haɗewa tun farkon ciki, da cewa ana gyarawa a asibiti. Ilimin da kuke shirin sokewa ke nan.

Roƙona kaɗan ne. A ɗage hukunci zuwa zango mai zuwa. A bar ni in kawo ƙwan da ya dace, ka zo da ƙafarka ka leƙa. Sannan a tura malami ko ɗaya ya ƙaro karatu a fannin, domin ritayata ta ƙarato, kuma duk kwalejin nan ni kaɗai na rage da ta iya buɗe ƙwai ba tare da ta kashe abin da ke ciki ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, kada a ce a hannunka aka rufe ƙofar.

Wassalam.

Asabe,
Gangaren Tudu, Keffi.