Hoton Gindin Gawo

Zuwa ga Iyatu, sanyin idona, hasken zuciyata, wadda jin sunanta ya fi mini ruwan randa daɗi a tsakiyar bazara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya rasa inda zai sa kansa. Ya Baffa, ya Inna, ya shanu, ya zaman baƙunta a ƙasar Bali? Mu nan Bunkure lafiya lau, idan har ana kiran mutum mai lafiya alhali tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro. Hashimu direban motar shanu na ba wannan takarda, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon waya.

Ba ki manta abin da Baffa ya faɗa ranar da kuka tashi ba. Ya ce idan damina ta kawo kai zai dawo da garke tsohuwar rugarku ta gindin gawo, a nan zai saurari manyana kan maganarmu. Ya ƙara da cewa shi ba zai ba da 'yarsa garin da saniyarsa ba ta da wurin tsayawa ba. Tun daga wannan rana, aurena da ke yake rataye a wannan fili. Ko wucewa zan yi a babur sai na waiwaye shi.

Ya abar ƙaunata, kin tuna ranar da kika fara yi mini faɗa? Ina tsugune a kan gadar kanal, magudanar ruwan noman rani, da 'yar kyamarata ta hannu, ina so in ɗauki garkenku yana shan ruwa, balbelu suna binsa. Sai ga ki da sanda kin tsaya mini a gaba, kika ce ba a ɗaukar garke gaba ɗaya, don duk wanda ya ga hoton sai ya ƙirga, kuma ba a ƙirga shanun mutane. Ni ɗan manoma, ina na san wannan? Na sauke kyamara kamar wanda aka kama a gonar rake. Da kika ga na yi laushi, kika nuna mini farar karsanarki, kika ce ita kaɗai, tunda taki ce. Fuskarki kuwa har yau kin hana ni. Hannunki kawai na samu a kan ƙahonta, lalle ya fara gogewa. Wallahi na ɗauki hotuna ba adadi tun daga lokacin, babu wanda nake kallo kamar wannan.

Saboda ke na gina shafin nan na intanet, kowa ya sani. Da kuka tafi na rantse ba za ki manta da kamannin gida ba. Ni da aikina auna buhu a injin casar shinkafa na Kura, sai ga ni gaban tsohuwar kwamfuta ina koyon gina shafi a bidiyo, Turanci yana gudu ina binsa a baya. In gyara nan, can ya karkace. In kusa gamawa, a ɗauke wuta. Ranar da na canja launin bango hotunan duka suka ɓace, na yi ta salati har maƙwabta suka leƙo. Abokai suka laƙa mini Injiniya, ba don girmamawa ba. Amma a ƙarshe ya tsaya da ƙafarsa. Na zuba miki kwandunan tumatir na Kwanar Gafan, da shanyar shinkafa a bakin titi, da ruwan kanal da sassafe yana hayaƙi. Hoton hannunki ne kaɗai ban sa ba, wannan ba na duniya ba ne.

Sai taurin kaina ya motsa. Na ƙi rage nauyin hoto ko ɗaya, wai ina so ki ga raɓa a kan kowane ganye. Ban yi tunanin ke sai ranar kasuwa kike samun sabis ba, shi ma sai kin ari wayar yayanki kin hau tudun bayan masallaci. Sai ga saƙonki kina dariya har da shaƙewa, wai hoto yana buɗewa daga sama, ya ɗan sauko, ya tsaya cak. Kin ce duk Bunkuren da na aiko miki sararin sama ne da wayoyin lantarki. Na ji kunya, amma na saurari dariyar nan har wayata ta mutu. Na koma na koyi yadda ake rage nauyi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kika ce yanzu kina ganin har ƙasa.

Ina ma a nan maganar ta tsaya.

Kika aiko cewa Baffa yana so ya ga gindin gawo da burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa, kafin ya yanke shawarar dawowa. Iyatu, ni na san abin da ke wurin. Bayan tafiyarku aka gyara ƙaramin kanal, ruwa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Mai filin ya ga dama ta samu ya sa shi haya, kuma wanda ya karɓa Babana ne. Na je na ɗauki hoton. Da na zo ɗora shi a shafi, na sa hannu zan rage masa nauyi kamar sauran, sai na kasa. Na ɗora shi da nauyinsa, ina sane da abin da za ki gani.

Kuma shi kika gani: sama, da kan gawo kore shar. Kika aiko da murna, wai gawonku yana nan, wai Baffa ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya yi murmushin da kika jima ba ki gani ba, har ya fara lissafa garuruwan da za ku yada zango. Kika ce in yi haƙuri, sabis ne ya ƙi sauke sauran. Ke ce ma kike ba ni haƙuri!

Na samu Baba, na durƙusa, na roƙe shi ya bar ko da burtalin. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ƙasar da ruwa ya kai ba ta zama banza, in shi bai noma ba wani zai noma, kuma ƙannena ba hoto za su ci ba. Na je wurin mai filin, ya ce ya riga ya ba da magana har shekarun gaba. Na je wurin mai unguwa, ya ce in Allah ya yarda za a duba. Kin san ma'anar za a duba. Abin da ya fi ci mini rai, duk yankin babu shinkafar da ta kai ta wurin kyau, saboda takin da shanunku suka daɗe suna zubawa. Mutane suna tsayawa su yaba, ni kuwa in sunkuyar da kai.

To, yaya zan yi, ya muradin raina? In na bar hoton yadda yake, za ku taso, ku yi tafiyar makonni a ƙafa da maruƙa da tsofaffi, ku iso ku tarar babu inda saniya za ta sa kofato sai cikin gonar wani. Kin san abin da ke biyo bayan haka, ni ma na sani. In kuma na gyara shi, Baffa zai ga gaskiya ya ce an fasa, ke ki zauna can, ni in zauna nan da shafin da babu mai buɗe shi. Na juya maganar ta kowace fuska, babu inda na fita da ke a hannuna. Ina son ki, Iyatu, son da ban san yadda ake rage masa nauyi ba, kuma ina jin tsoro.

Jiya bayan la'asar na rage wa hoton nauyi. Ranar kasuwa in kin hau tudu zai buɗe miki har ƙasa. Za ki ga gawo, za ki ga ruwa kwance a inda bukkar Inna take, za ki ga shinkafa ta cinye burtali har bakin kanal. Ki yi kukanki a can kan tudu in za ki yi, sannan ki kai wa Baffa kafin a kwance maruƙa daga dangwali a kama hanya. Kada ki sassauta masa komai saboda ni.

Za ki lura layukan dashen a miƙe suke sambal. Ranar dashe Baba ya kira ni, kuma ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Idan Baffa ya tambayi wanda ya dasa shinkafa a makwancin shanunsa, kada ki ce ba ki sani ba.

Duk hukuncin da ya yanke, ni ba ni da wata sai ke, ba kuma zan nema ba, ko kin dawo ko ba ki dawo ba.

Naki muddin ina numfashi,
Sammani