Katangar Maƙabarta

Watan Mayu, 1611

Zuwa ga 'yata Orsolya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mahaifiyarki tana gaishe ki, tarin ya yi sauƙi.

To, an sa hannu a yarjejeniyar sulhu! Shekara bakwai ina kai da kawowa tsakanin Katolika da Furotesta a majalisar garin nan. Ni ɗan majemi, wanda aka cire daga makarantar Latin a aji uku, ni na yi abin da ya gagari manyan malamai. Ki gaya wa surukanki. Coci ɗaya, ku Katolika da sassafe, mu da hantsi. Maƙabarta kuwa, inda aka fi zub da jini har ana tone gawa, na sa an raba ta da katanga, ku gabas, mu yamma. Magini ya ce kaurin kamu ɗaya ya isa. Na ce ya yi biyu, ni ba na aikin wasa.

Jiya Dorottya, matar marigayi maƙeri, ta zo. Ita tamu ce, shi kuwa yana kwance a gabas. Wai in rubuta a binne ta kusa da shi. "Ranka ya daɗe, shekara talatin bargonmu ɗaya." Na ce in na buɗe wa mutum ɗaya, na buɗe wa faɗa. Mahaifiyarki ta ajiye cokali ta ce, "Ambrus, ka manta 'yar wace coci ka aura?" Na yi dariya, na ce shugaban majalisa ba ya rasa hanya.

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
Ambrus Tímár

Watan Nuwamba, 1619

'Yata Orsolya,

Ina gaisuwa. Da fatan kun isa gida lafiya bayan jana'izar mahaifiyarki. Ya ƙarin haƙuri? Ni dai ga ni nan, gidan ya yi mini girma.

Na je majalisa na roƙa a ba ni wuri kusa da ita. Fada Lőrinc, limamin Katolika, ya karanto dokar, Fasto Máté yana gyaɗa kai. Ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya ba sai a kaina. Wani daga baya ya ce, "Majemi, fatar da ka jeme ce, sai ka sa!" Da na matsa da sun ba ni. Amma gida huɗu na jiran a buɗe mini su ma su nema, biyu cikinsu akwai jini a tsakani. Na janye da bakina.

Shekara takwas ba a kashe kowa ba, wannan ban yi nadamarsa ba. Dariyar nan ce take ci na. Mahaifiyarki ta yi mini tambaya, ban ko zauna na nemi wata hanya ba.

Ranar Lahadi na tarar da Dorottya a bakin katanga, ta tsufa ƙwarai. Na cire hula na nemi gafara. Ta ce, "Bar shi, tsoho. Ni na roƙi mai haƙa kabari ya sa ni jikin katanga, daidai maƙeri. Kai ma ka roƙa. Kamu biyu ne kawai tsakani, na auna."

Na kasa gaya mata cewa ɗaya magini ya so yi, ni na mai da shi biyu.

In lokacina ya yi, jikin katanga, daidai inda kuka sa mahaifiyarki. Ki tsaya da kanki ki ga an matsa da ni sosai.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Ambrus